Ƙarar Zaɓe a Iyakar Gobir: Mazaɓar Isa da Sabon Birni

Isa da Sabon Birni garuruwa ne na gabashin Sakkwato, kusa da iyakar Nijar, cikin ƙasar da Gobirawa suka yi mulki kafin faɗuwar Alƙalawa a 1808. Tun komowar mulkin farar hula a 1999 aka gama su mazaɓa guda, suna aika wakili ɗaya Majalisar Wakilai ta Tarayya. Shari'ar da ta biyo bayan zaɓen 2019 a wannan mazaɓa ta isa misali ga mai son sanin abin da kotu ke iya gyarawa, da abin da ya fi ƙarfinta.

Kai ƙarar zaɓe gaban alƙali al'ada ce da Nijeriya ta gada daga Ingila. A can ma da farko majalisa ce ke yanke wa 'ya'yanta hukunci, sai a 1868 aka mai da aikin hannun alƙalai, gama an lura jam'iyya mai rinjaye ba ta kā da nata. A nan kuwa, sashe na 285 na tsarin mulkin 1999, bayan gyaran 2010, ya ƙayyade wa'adi: kwana 21 na shigar da ƙara, 180 na yanke hukunci, 60 na ɗaukaka ƙara. Maganar kujerar majalisa kuma ba ta wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara.

An yi zaɓen ran 23 ga Fabrairu 1999 da ashirin, watau 2019, aka rantsar da majalisa a watan Yuni. Shari'ar mazaɓar ta ƙare da umarnin a sake jefa ƙuri'a, aka yi haka ran 25 ga Janairu 2020, Muhammad Sa'idu Bargaja na jam'iyyar PDP ya ci. Ke nan wata goma sha ɗaya aka yi kafin mutanen Isa da Sabon Birni su tabbatar da wakilinsu, cikin wa'adin shekara huɗu kacal.

To, a nan akwai saɓani tsakanin harshe da doka. A bakin Bahaushe kalmar "maguɗi" ta ƙunshi kome: aringizon ƙuri'a, razana masu zaɓe, sauya alƙaluma. Amma dokar zaɓe ta 2010 ba ta yarda a rushe zaɓe don an sami kuskure kaɗai ba, sai in kuskuren ya kai ga taɓa sakamako. Saboda haka wajibi ne mai ƙara ya bi rumfa-rumfa, ya kawo takardun sakamako da shaidun da suka gani da ido. Talaka ya ce an yi maguɗi, alƙali ya ce a ina, ƙuri'a nawa, wa ya gani?

Wannan sharaɗi ya fi nauyi a iyakar Gobir. Tun 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutanen wannan yanki zuwa jihar Maraɗi, sa'an nan a Mayun 2020 aka hallaka mutane masu yawa a ƙauyukan Sabon Birni. Wanda ya yi hijira ba shi da rumfa, balle ya tsaya shaida. Dokar zaɓe ta 2022 ta sassauta, ta ce ba lalle a kira shaidu ba in takardu sun bayyana saɓa ƙa'ida a fili. Duk da haka takarda ba ta nuna ƙauyen da ya watse.

Abin da tarihin nan ya koyar shi ne, kotu tana auna ƙuri'ar da aka jefa ne kaɗai. Wadda tsoro ya hana jefawa kuwa, ba ta da shafi cikin kundin shari'a.