TARIHIN RUWAN TSIBIRI: DARASI GA GARURUWANMU

Jama'a, a wannan fitowa za mu waiwayi abin da ya faru a Tsibirin Gobir, cikin gundumar Gidan Rumji, kusa da Maraɗi.

A shekarar 1985 aka buɗe wata rijiyar burtsatse mai zurfi a Tsibiri. Mutane suka yi murna, mata suka huta da jan guga. Ruwan garau yake, ba wari, ba launi. Amma duwatsun da yake kwance a cikinsu suna ɗauke da wani sinadari da ake kira fuluwor. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, idan ya yi yawa sai ya zama guba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1,5 a lita guda. Na Tsibiri ya ninka wannan fiye da sau uku.

Wajen shekara 15 ana shan ruwan nan. Yaran da aka haifa a lokacin su suka fi jin jiki, domin ƙashinsu bai ƙosa ba. Haƙora suka yi ja, ƙafafu suka lanƙwashe, kawunan wasu suka yi girma. Ɗaruruwan yara suka nakasa. Sai da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH ta tsaya a kan maganar, kuma ƙungiyar FIDH ta fitar da rahoto a 2002, sannan duniya ta ji. An daina shan ruwan rijiyar, amma ƙashin da ya lanƙwashe bai miƙe ba.

Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga irin wannan a 2010. Can gubar dalma ce, daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gida. Yara fiye da 400 suka rasu a yankin Anka da Bukkuyum.

Darasin guda ne: ido ba ya ganin irin wannan guba, tafasa ruwa kuma ba ya fitar da ita. Awo kaɗai ke nuna ta.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin ruwa na Agye, Gazawa da Gidan Rumji: duk rijiyar da aka gina mana, mu nemi takardar awon ruwanta kafin a fara sha, a karanta ta gaban mai gari. Uwar da ta ga haƙoran ɗanta suna canza launi, ta kai shi likita, ta faɗi rijiyar da suke sha. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kare mana zuri'a, amin.