Daga Fataken Gwanja Zuwa Yaron Da Ke Haɗa Maka Bidiyo

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta isa sauraro ba.

Tambayar da ta fi yawan shigo mini kwanan nan daga 'yan kasuwarmu na Bagudo, Kaoje, Illo da Lolo ita ce: na fara tallan kayana a TikTok da WhatsApp, aiki ya yi mini yawa, ko ya dace in ɗauki wani yaro a Birnin Kebbi ko Kano, wanda ban taɓa gani ido da ido ba, ya riƙa haɗa mini bidiyo yana amsa wa kwastomomi? Masu koyar da kasuwancin intanet suna kiran irin wannan ma'aikaci mataimaki na nesa, suna ta zuzuta shi kamar jiya aka ƙago shi a Amurka. Ni kuwa a ganina mu mutanen bakin Kwara mun girmi wannan magana nesa ba kusa ba. Don haka yau tarihi za mu fara shiga, sannan mu dawo kan waya.

A ƙarni na 19, ɗaya daga cikin hanyoyin fataken goro ta nan ƙasarmu ta ratsa. Ayari zai taso daga Kano ko Sakkwato, ya biyo ta Jega, ya tsallake kogin Kwara ta wajen Illo, ya faɗa ƙasar Bargu. Daga nan sai garuruwan da yau suke cikin Jamhuriyar Benin, irin su Jugu, har a dangana da Salaga ta ƙasar Gwanja, a arewacin Gana ta yanzu. Ana tafiya da kanwa, rinannun tufafi, fatu da dawaki, har da bayi, don tarihi ba a yi masa kwaskwarima. A dawo da goro. Wani Bature mai yawon bincike, Clapperton, ya gamu da irin wannan ayari a Kaiama a shekarar 1826, ya ce mutanen ciki, maza da mata, sun haura dubu. Zuwa da dawowa kuwa sai ya ci watanni, wani sa'in ya tasam ma shekara.

To ga inda nake so ku saurara da kyau. Ba kowane mai dukiya ne ke bin ayari da ƙafarsa ba. Attajirin da ya kafu yakan zauna gida, ya danƙa jarinsa hannun yaransa, su tafi. Babu waya, babu tiransifa. Kuma goro kaya ne mai laulayi: sai an riƙa kwance huhu a hanya, a tsince wanda sankara ta taɓa, a yayyafa ruwa, a sake ganye. Yaro ya yi sakaci na mako guda, ribar shekara ta tafi, kuma maigida ba zai sani ba sai bayan watanni. Wallahi in ka auna wannan, bai wa wani bidiyon minti ɗaya ya yanka maka ba komai ba ne.

Me ya sa tsarin bai rushe ba? Mutane sukan ce ai mutanen da akwai amana. Akwai ta, ban musa ba. Amma ba a bar amanar ita kaɗai a daji ba, an kewaye ta da shinge. Ayari yana da madugu, wanda ke ciniki da sarakunan hanya kan kuɗin wucewa da na fito. Akwai jagaba a gaba. Akwai malamin ayari, mai rubutu da lissafi, ban da addu'a da duba ranar tashi. In an isa zango kuma akwai fatoma, mai masaukin baƙi: shi zai sauke ka, ya adana kayanka, ya haɗa ka da dillali, kuma in an sayar bashi shi ke tsayawa. Dillali la'adarsa kawai yake ci. Wato kowa an yanka masa aikinsa, kuma kowa akwai wanda ya san gidansu. Yaron da ya ci amana a Salaga, labarinsa zai riga shi isa Kano. Wani masani, Abner Cohen, ya tarar da wannan tsari da ransa a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, inda masu gida ke tsaya wa bashin shanu tsakanin Hausawa masu kawowa da mahautan Yarabawa.

Hanyar Gwanja ta mutu a hankali. Yaƙin basasa ya ci Salaga a 1892. Turawan Ingila da na Faransa suka shiga tseren mallakar Bargu, Lugard ya isa Nikki a 1894, sannan yarjejeniyar 1898 ta tsaga ƙasar biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Illo da Busa hannun Ingila. Layin nan shi ne iyakar da muke tsallakawa yau a Lolo ko Tsamiya in za mu Malanbil ko Segbana. Daga baya goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas, ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano. Alhassan Ɗantata, wanda ya fito daga zuriyar Agalawa fataken goro, yana cikin waɗanda suka fara cin moriyar hanyar teku, kuma da ya koma harkar gyaɗa, da wakilai ya yi ta, suna saya masa a ƙauyukan da bai taka ba.

Yanzu mu dawo zamaninmu. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001. A watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, kuma duk wanda ke zaune a yankin nan ya san yadda kasuwa ta yi tsit. A lurata, tun daga lokacin mutanenmu suka ƙara dogara da waya: a ɗauki hoton kaya, a tura, a yi ciniki da saƙon murya. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya ƙarasa koya wa kowa tiransifa. Sai bidiyo ya zama shi ne rumfa. Mai shinkafa, mai albasa, mai busasshen kifi, mai atamfa, kowa na son a ga kayansa suna motsi, a ji farashi da bakinsa. Amma wanda ya wuni a kasuwa, ina ya ga lokacin zama da CapCut yana yanke-yanke, ga sabis ɗin da sai ka hau tudu?

A can ƙasashen waje, masu wannan matsala sukan ɗauki ma'aikata daga Filifin ko Indiya ta kafofi irin su Upwork da Fiverr. Ku lura da abin da kafofin nan ke yi. Mai aiki zai ajiye kuɗi a hannunsu, ba za su sakar wa ma'aikaci ba sai an karɓi aiki, su cire nasu kason, kuma kowa yana da tarihin da waɗanda suka yi hulɗa da shi suka rubuta. Jama'a, wannan ai fatoma ne, riga kawai ya sake.

Mu kuma a nan mun ɗauki rabin tsarin mun bar rabi. Za ka ga baiwar Allah ta samu yaro a Facebook, ta ji daɗin bidiyonsa biyu, sai ta miƙa masa kalmar sirrin shafinta, wani lokaci ma da layin wayarsa aka buɗe shafin tun farko. Babu rubutu, babu shaida, babu wanda ya san unguwarsu. Ranar da suka saɓa kan kuɗi, ya canja kalmar sirri, mabiyan da ta yi shekara biyu tana tarawa sun zama nasa. Attajirin da can yana ba yaro jari, amma fatoma da madugu mutanen maigida ne, ba na yaro ba. A kasuwancin waya, lambobin kwastomominki su ne hanyar, su ne zangon.

Kuma kada a ɗora laifi kan yaran kaɗai. Na san masu haɗa bidiyo da yawa da ke kwana suna aiki da datarsu, a ƙarshe a sallame su da "Allah ya yi albarka". Dillalin da, kafin a taya kaya ya san la'adarsa.

Abin da nake gaya wa masu tambaya shi ne, ku ɗauki mataimakin, amma ku raba aikin yadda ayari ya raba. Ɗaukar bidiyon taku ce, don fuskarku da muryarku ake saya. Wanda ke Kano bai san yadda ake yi wa mutumin Malanbil magana ba. Ku tura masa ɗanyen bidiyo ya yanka, ya sa rubutu, ya dawo da shi. In kwastomominku na tsallake ne, ku nemi wanda ke jin Dandanci ko Faransanci, ya iya rubuta farashi da naira da sefa. Layin da aka buɗe shafi da shi ya zama naku, yana cikin wayarku. Facebook yana ba da damar ƙara mutum a shafi ba tare da an ba shi cikakken iko ba, WhatsApp kuma ana iya jona shi da na'urar wani, ka cire shi daga wayarka duk sa'ar da ka so. Kuɗin ciniki ya faɗa asusunku kai tsaye. A rubuta bidiyo nawa a mako, nawa ne ladan kowanne, ko da a saƙon WhatsApp ne. Sannan a samu mutum na uku da ku duka kuke jin kunyarsa, malaminsa ko yayansa ko shugaban 'yan kasuwarku, a sa shi cikin maganar tun ranar farko.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba tarihin canjin naira da sefa a bakin iyaka. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa. Na bar ku lafiya.