Kogin Haɗeja Jiya Da Yau: Darasin Madatsar Tiga

Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mu 'yan ƙasar Haɗeja da neman ilmi da abinci suka warwatsa a Kano da Kaduna da Abuja da Legas, duk sa'ad da muka je gida hutun salla muka dubi fadamunmu, sai wannan magana ta faɗo mana a rai.

Iyayenmu sun tashi sun tarar da kogin nan da tsarinsa. A watannin Agusta da Satumba yakan cika ya malale fadamun Auyo da Kirikasamma da Guri, har ya dangana da Nguru. Manomi ya shuka shinkafa, masunci ya kama kifi. Idan ruwa ya janye a shuka wake a kan laima, Fulani su sauko da shanu. Da rani kuwa gadon kogin yakan bushe ƙarƙaf.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kano. Niyya kyakkyawa ce, domin an sha wuyar fari, ana son noman rani a Kadawa da ruwan sha ga birnin Kano, kuma an samu. A 1992 aka ƙara da ta Challawa kusa da Ƙaraye. Sai dai an lissafa ribar da za a ci a sama, ba a lissafa asarar na ƙasa ba.

Asarar ta zo ta hanya biyu. Ta farko, ambaliyar damina ta ragu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa fadamar da ruwa kan rufe a shekarun 1960 ta kai hekta 250,000, amma zuwa farkon shekarun 1990 ba ta wuce 100,000. Ta biyu ta fi ban mamaki: ruwan da ake saki da rani ya hana kogin bushewa, wannan kuwa shi ne abin da ciyawar kacalla ke so. Ta yaɗu ta toshe magudanai, yashi ya taru, ruwa ya karkata ta mashigar Marma ya kwanta a gonaki, wasu yankuna kuma ya daina isa gare su. Tsuntsayen jan-baki suka sami maɓoya, suna cinye gero da shinkafa. Wani na kukan ruwa ya yi yawa, maƙwabcinsa na kukan babu.

Ba mu kawo wannan tarihi don zargin magabata ba. A zamaninsu babu dokar da ta tilasta a auna illar babban aiki kafin a fara shi. Sai a 1992 aka kafa Doka ta 86 a kan haka. Yau duk mai son gina madatsa ko babbar hanya dole ya gabatar da rahoton tasirin aikin ga muhalli, a baje shi kwanakin aiki 21 domin jama'a su duba su yi ƙorafi. Mun ga yadda mutanen Yobe da Borno suka tsaya kan a yi irin wannan bincike duk lokacin da aka tayar da maganar madatsar Kafin Zaki, domin kogin Jama'are shi ne ya rage yana kawo ambaliya yadda ya saba.

To, 'yan'uwa, a nan nauyi ya hau kanmu. Manomin Guri ba zai ga sanarwar da aka buga a jaridar Turanci ba, mu ne muke gani. A cikinmu akwai injiniyoyi da lauyoyi da malaman jami'a. Ya kamata ƙungiyarmu ta ware kaɗan daga cikinsu su riƙa karanta waɗannan rahotanni, su mayar da su Hausa, su kai wa masu unguwanni da dagatai, su tambaya: ina ruwan zai bi, gonar wa zai ci, burtalin wa za a toshe? Tun ran gini ake zane. Idan aka zuba siminti, magana ta ƙare, sai jikokinmu su gaji sakamakon shirunmu.