Ƴan makarantar ƙasar Filinge a ƙasashen waje kafin 1971: wane harshe suka rayu da shi?

1. Gabatarwa

Sai a 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973. Kafin nan, duk ɗan Nijar da ke son wuce matsakaicin karatu dole ya bar ƙasa. Wannan ƴar maƙala za ta dubi abin da hakan ya jawo wa ƴaƴan Kurfai da maƙwabtansu ta fuskar harshe.

2. Hanyoyin fita

Hanya ta farko ta ma'aikatan gwamnati ce. Adamu Mayaki, haifaffen Filinge a 1919, ya yi karatu a Katibugu, kusa da Kulikoro, cikin Sudan ta Faransa (Mali ta yau). Ya fito ma'aikacin noma, ya kuma zama ministan harkokin waje a 1963. Waɗansu ƴan Nijar, irin su Bubu Hama da Jori Hamani, École William Ponty suka shiga, a Senegal. Tana tsibirin Gore tun 1913, aka mai da ita Sebikotan a 1938.

Hanya ta biyu ta soja ce. Seyni Kunce, wanda aka haifa a Fandu a 1931, ya tafi makarantar horar da yara aikin soja ta Kati, kusa da Bamako, sannan ta Saint-Louis, kafin ya shiga rundunar Faransa a 1949.

3. Zaman yau da kullum

Dukansu makarantun kwana ne. Ɗaki ɗaya kan haɗa ɗan Dahomai da ɗan Gine da ɗan Senegal, ba su da harshen da ya gama su sai faransanci. Ke nan faransanci ya fita daga aji ya shiga wurin cin abinci da wurin kwana da filin wasa. A kasuwa kuwa bambaranci ake ji a Kati, wolof a Dakar.

Ga Bakurfaye wannan ba sabon abu ba ne gaba ɗaya. Ƙasarsa, a Dallol Bosso, mahaɗa ce ta hausa da zabarmanci da tamajak da fulatanci, kuma ya saba da sauya harshe daidai da abokin magana. Abin da ya zama sabo shi ne fifiko: harshe ɗaya ke kai mutum ga takardar shaida da albashi, sauran duka an bar su a bakin ƙofa. Ko ya samu ɗan'uwa daga Damagaram, hausarsu ba ɗaya ba ce, domin inda na gabas ke cewa fara, shi hwara yake cewa.

4. Abin da ya rage a rubuce

Tun shekarun 1930 ake sa ɗaliban Ponty su rubuto bayani a kan al'adun garuruwansu lokacin hutu. Waɗannan littattafai suna ajiye a IFAN ta Dakar. Da faransanci aka rubuta su, kuma malami Bafaranshe ne mai ba da maki. Haka ma Abdu Mumuni, da ya soki wannan tsari a L'Éducation en Afrique (1964) ya kuma nemi a koyar da harsunan gida, da faransanci ya yi sukar. Taron Bamako na daidaita rubutun harsunanmu bai zo ba sai 1966.

Saboda haka, mai tarihin da ya tsaya ga takardu kawai zai ji ɗalibin yana magana da malaminsa ne. Kewar gida, ba'a tsakanin abokai, da abin da aka gaya wa uwa ranar komowa, da baki aka faɗe su.

5. Kammalawa

Yaron da ya fita a 1960 yana ɗan shekara 15 an haife shi a 1945. Irinsu kaɗan suka rage. Muna ba ɗalibanmu shawara su ɗauki muryoyinsu a Filinge da Yamai, cikin kurhwayanci ko zabarmanci, su kuma rubuta maganar yadda aka furta ta, ba tare da mai da ita daidaitacciyar hausa ba.