Mai Gadin Ƙofa: Tarihin Laftof Da Ke Ƙin Tashi Daga Filash

Duk mai gyaran kwamfuta ya san wannan yanayi. An zuba Windows a filash, an soka shi, an kunna laftof ana ta dannan F9 ko F12, amma na'urar ta yi kunnen uwar shegu, ko ta rubuto cewa ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Nan take sai a ce filash ɗin na bogi ne. Wani lokaci haka ne. Amma galibi lafiyarsa lau, laftof ma ƙalau take. Tarihi ne ya shiga tsakaninsu: an shirya filash da yaren wani zamani, mai gadin ƙofar kuma ɗan wani zamanin ne daban.

Mai gadin farko shi ne BIOS. Gary Kildall ne ya raɗa sunan a 1975, kamfanin IBM kuma ya ɗauke shi a kwamfutarsa ta 1981. Aikinsa bai taka kara ya karya ba. Zai leƙa farkon faifai ya karanta bayit 512, in ya tarar biyun ƙarshe suna ɗauke da alamar 55 da AA, shi ke nan, sai ya miƙa ragamar na'urar ga duk abin da ke rubuce a wurin, ba tare da ya tambayi daga ina baƙon ya fito ba. An yi wannan tsari ne domin faifan fulofi, kuma duk abin da ya zo daga baya sai da ya ari rigar magabata kafin a buɗe masa. Faifan CD ya samu shiga a 1995 ta hanyar ƙa'idar El Torito, wadda aka sa wa sunan wani gidan abinci a Kalifoniya. USB ya fito a 1996, kuma da BIOS ya fara karɓarsa, filash kan yi shigar burtu ne a matsayin fulofi ko babban faifai. Shi ya sa tsofaffin laftof ke jero USB-FDD da USB-HDD kamar abubuwa biyu, alhali rami ɗaya ne.

Mai gadin da ba ya tambaya kuwa ɓarayi ba sa barinsa ya huta. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan suka rubuta bairos mai suna Brain, wanda ke maƙalewa daidai a waɗannan bayit na farkon fulofi, ya farka kafin kowace manhaja. Ga kuma tsarin MBR na raba faifai, wanda ba ya ganin abin da ya wuce terabayit 2. Intel ya ƙirƙiro magajin BIOS, wanda daga 2005 ya zama UEFI. Shi wannan bai damu da farkon faifai ba. Fayil yake nema a cikin wata jaka mai suna EFI, kuma FAT32 ne tsarin da ya tabbata zai karanta. FAT32 ɗin kuma ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabayit 4, ga shi babban fayil ɗin Windows na yanzu yakan zarce haka. A 2012, da zuwan Windows 8, aka ƙara Secure Boot, wato sai baƙo ya nuna sa-hannun da aka amince da shi.

Akwai masu cewa duk wannan dabara ce ta Microsoft don ta mallake ƙofar, tun da ita ke riƙe da mabuɗin da yawancin laftof suka yarda da shi, har masu Linux ma sai sun nemi sa-hannunta. Ƙorafin yana da tushe, ga shi kuma bairos ɗin BlackLotus ya tsallake katangar Secure Boot a 2023. Sai dai tsallake katanga sau ɗaya ba ya nufin gara gida ba katanga, kuma a yawancin laftof mai shi yana iya shiga saitin ya kashe Secure Boot da hannunsa. Laifin da ya tabbata shi ne na rashin bayani: na'ura ta ƙi baƙo, amma ta ƙi faɗin dalili.

An daɗe ana haɗa zamanin biyu da wata gada mai suna CSM, wadda ake gani a saiti da sunan Legacy, har Intel ya sanya 2020 a matsayin wa'adin rushe ta, Windows 11 kuma ya zo a 2021 yana neman UEFI kaɗai. A kasuwanninmu da laftof na hannu suka fi yawa, ta 2010 da ta 2022 kan zauna a tebur ɗaya, filash ɗaya kuma ake so ya yi musu aiki. Kafin ka jefar da shi, duba shekarun laftof ɗin: tsohuwa a shirya mata MBR, sabuwa kuma GPT, tsarin raba faifai na zamanin UEFI.