Bindigar Da Ba Ta Tashi: Daga Ƙwanni Zuwa Star Wars

Maƙalar wannan mako daga Illela take zuwa muku, kuma wani ƙaninmu ne ya jawo ta.

Yaron mai son finafinan sararin samaniya ne, har ya soma rubuta labari irin nasu. Kwanakin baya ya zo mana da hoto a waya, kwaikwayon bindigar da Han Solo yake ratayawa a Star Wars, yana so ya yi odarta ya ajiye kan teburin rubutunsa. Tambayarsa ɗaya ce: ta roba zai saya ko ta ƙarfe? Babbanmu ya dube shi ya ce, "Ƙanena, kafin roba da ƙarfe, ta wace hanya za ta iso garin nan?" Aka yi dariya, amma maganar ba ta mutu ba, domin da muka bi diddigi sai muka tarar abin wasan nan yana da tarihi, kuma tarihin ya ratsa ta ƙofar gidanmu.

Mu fara da bindigar kanta. Wadda aka gani a fim ɗin 1977 ba a ƙera ta daga roba ba. Bindigar gaske ce ƙirar Jamus, Mauser C96, wadda aka soma ƙerawa a 1896. Masu shirin sun ɗauko ta daga Bapty, wani gidan hayar makaman fim a Landan, suka ɗora mata madubin hange, suka ƙara mata wani ƙarfe a baki. Ta fararen sojojin nan masu rufe fuska ita ma haka, Sterling ce, wadda sojan Ingila ya riƙe tun shekarun 1950. Wato abin da duniya ta ɗauka makamin gobe ne, tsohon ƙarfen jiya ne aka yi wa kwalliya. Wannan ne ya sa 'yan kallo suka yarda da shi: yana da nauyi a hannun ɗan wasa, yana da tabon aiki. A Agustan 2022 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin bindigogin Han Solo na asali a Amurka, ta tashi a kan dala 1,057,500.

Yanzu ku riƙe shekarar nan ta 1896, ku ƙara mata uku. A 1899 ne rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta biyo ta yankin nan. A Afrilu suka gwabza da mutanen Sarauniya a Lugu, a Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙwanni, garin da ɗan Illela yake zuwa kasuwarsa a kan babur, suka kashe mutane masu yawa suka ƙone gari. Abin da ya ba su wannan dama ba yawa ba ne, bindiga ce mai cin harsashi ta baya, alhali mutanen gari baka da kibiya da mashi ne a hannunsu, sai ɗaiɗaikun bindigogin ɗuri. Kuma wannan tazara da gangan aka gina ta. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani, ta bar mana masu ƙyastu da albarushi, irin waɗanda sai an ɗura ta baki an daddaka kafin a harba sau ɗaya. Shekara huɗu bayan Ƙwanni, ranar 15 ga Maris 1903, abin ya maimaita kansa a Giginya, bayan ganuwar Sakkwato, inda dawaki da takubba suka fuskanci bindiga mai ruwan harsashi.

Kada wani ya ce kakanninmu ba su san bindiga ba. Kalmar ma daga Larabci muka aro ta, bunduƙiyya. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi dubbai, har igwa aka riƙa zuba masa a cikin Damagaram. Sarakunan daular Usmaniyya suna da 'yan bindigarsu, galibi bayin sarki. Abin da ya faru bayan zuwan Turawa shi ne ya fi jan hankalinmu. Bindigar ɗuri ta bar fagen fama ta koma biyu: ta maharba a daji, da ta fada. Ta fadar nan albarushi kawai ake zuba mata, ba harsashi. Ranar hawan Sallah ko naɗin sarauta a buga ta, ƙasa ta girgiza, hayaƙi ya turnuƙe, doki ya zabura, ba wanda ya ji ciwo. In kun lura, abin da mutanen Landan suka yi a 1976 lokacin ɗaukar fim, mu mun riga su: an ɗauki makamin gaske an mai da shi kayan nuni.

(Ga wani abu ga masu son kalma. A bakin kakanmu, "'yan bindiga" su ne masu gaba a hawan sarki, yara na bin su da gudu. A bakin ɗanmu, su ne waɗanda ake gudu daga gare su. Wanda yake rubuta labarin da ya faru a 1960 ya kula da wannan, kada mai karatun yau ya ɗauki ma'anar da ba ita ba.)

Bindigar fim kuwa, ba Hollywood kaɗai ke da tarihinta ba. A 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya yi Le Retour d'un aventurier. Labarin wani saurayi ne da ya dawo daga ƙasar waje da akwati cike da kayan kaboyi, huluna da takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa. Suka hau dawaki, suka canja sunaye, suka soma kwaikwayon abin da suke gani a silima, har wasa ya zama ɓarna a ƙauyensu, ya kai ga zubar da jini. Djingarey Maïga da Zalika Souley suna cikin 'yan wasan. Mu a ganinmu ba a taɓa yin fim da ya fahimci kayan kwaikwayo kamar wannan ba, kuma abin kunya ne a ce matasanmu sun haddace sunayen jaruman Star Wars ba su taɓa jin sunan Alassane ba, ga shi tsallaken iyaka kawai. Bayan shekara 20, a 1986, Med Hondo ya fitar da Sarraounia daga littafin Abdoulaye Mamani, aka sake buga yaƙin 1899 da bindigogin fim. A Burkina Faso aka ɗauke shi, ba a ƙasar da abin ya faru ba.

Mu kanmu da bindigar ƙarya muka tashi. Ta karan dawa, ta laka, da wadda ake yi da wayar ƙafar keke a cusa mata kan ashana a buga a bango. Daga baya na roba suka cika kasuwa, kowace Sallah uba ya saya wa ɗansa. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi tunani.

To, me masu tara irin waɗannan kaya suke dubawa in za su saya? Da farko sukan bambance iri biyu da ake yi a wajen ɗaukar fim: wadda ake nunawa kusa da kyamara, mai cikakken aiki, da ta roba mai laushi wadda ɗan wasa zai yi gudu da ita ya faɗi. Kwaikwayon da ake sayarwa yakan bi ɗayansu. Sai su duba ko girmanta daidai yake da na asali, ko kamfanin da ya mallaki fim ɗin ne ya ba da izinin yin ta ko wani mai sana'a ne ya zuba a gida, da kuma takardar shaida idan an ce an taɓa riƙe ta a fim. A wajensu, mafi daraja ita ce wadda ta fi kama da gaske, mai nauyin ƙarfe da ƙotar katako.

Nan ne lissafinsu ya rabu da namu. Abin da yake ƙara mata kuɗi a can, shi ne yake ƙara mata haɗari a nan. Bindigar Han Solo, kamar yadda muka faɗa, Mauser ce da kwalliya, saboda haka kyakkyawan kwaikwayonta daga nesa ƙaramar bindiga ce kawai. Illela tana kan iyaka. An rufe iyakar nan a Agustan 2019, aka buɗe ta a Disamban 2020 tare da Seme da Maigatari da Mfum, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Fasa-ƙwaurin makamai na cikin dalilan da aka bayar tun farko. Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Illela ya san yawan shingayen da ke kanta, ya kuma san halin da gabashin jihar nan yake ciki. Jerin kayan da Najeriya ta haramta shigo da su kwata-kwata ya ƙunshi ƙaramar bindigar iska da ƙaramar bindigar da aka ɓad da kamanninta ta kowace siga. Dokar makamai ta 1959 kuwa ta ba kwamishinan 'yan sanda ikon hana riƙe ko bindigar ɗuri ba tare da izini ba. Kwaikwayon roba ba ya harbi, gaskiya ne, amma wannan bayani ne da za a yi bayan an riga an buɗe kwali a gaban mutum mai gajiya da makami a kafaɗa. Wanda ya fi ba mu tsoro ma ba jami'i ba ne, maƙwabci ne da zai leƙo ta taga ya gani, a zamanin da kalmar "infoma" kaɗai ta isa ta tara wa mutum jama'a.

Ko a can inda ake yin abin bai zo da sauƙi ba. Tun 1988 dokar Amurka ta wajabta sa alamar ruwan lemo a bakin bindigar wasa. A Nuwamban 2014 ɗan sanda ya harbe wani yaro ɗan shekara 12, Tamir Rice, a birnin Cleveland, yana riƙe da ta wasa wadda alamar ta cire. A Oktoban 2021 kuma, wajen ɗaukar fim ɗin Rust, bindigar da aka ɗauka ba komai cikinta ta tashi a hannun Alec Baldwin ta kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins.

Da muka zo nan sai muka tambayi ƙanin namu abin da ya kamata mu fara da shi: me zai yi da ita? Ya ce so yake ya riƙa jin ta a hannu in yana rubuta faɗan jaruminsa. Wannan dalili ne na marubuci, ba mu raina shi ba. Sai dai mun tuna masa cewa Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya tun 1969 a Tauraruwa Mai Wutsiya, shekara takwas kafin Star Wars. Muka kuma ce masa, idan Roger Christian da abokan aikinsa sun ɗauki ƙarfen da ke kusa da su ne suka ƙirƙiri makamin gobe, me zai hana jarumin da ya tashi daga Illela ya rataya abin da ya samo asali daga doguwar bindigar maharba, da layunta da jan ƙyallenta da ƙahon albarushinta? Wannan ba wanda ya riga ya zana shi, kuma mai karatu a Gwadabawa ko Tawa zai gane warinsa.

Bai yi odar ba. Ya zana tasa a takarda, ya kai wa wani masassaƙi da ke yin turmi da muciya. Tsohon ya juya takardar sama da ƙasa, ya tambaya ko mutanen saman ma ɗuri suke yi, ya ce a dawo ranar Lahadi bayan an tashi kasuwar shanu. An sassaƙa ta da icce, tsawonta ya kai kamu biyu, ba kunama ba rami. Mahaifiyarsa ta ce ba za ta kwana a gidanta ba sai an shafa mata fenti rawaya, aka shafa. Yanzu yana babi na huɗu, kuma ya ce in an yarda zai kawo babin farko mako mai zuwa a yi masa gyara.