Ganuwar Zariya da Gwalalonta

Unguwannin Gyallesu da Tudun Wada suna wajen ganuwar Zariya, kuma Ƙofar Doka ce mashigar mutanensu zuwa cikin birni. Ganuwa ita ce katangar ƙasa mai kauri da ta kewaye gari, gwalalo kuwa shi ne rami mai zurfi da ke bin ta daga waje, wanda daga cikinsa aka haƙo ƙasar ginin, saboda haka tsayin ɗaya yana da nasaba da zurfin ɗayan. A da, akan bar sarƙaƙiya ta cika ramin domin ta tare dawaki, yayin da maharba suke tsayawa a kan badala, wato tudun da aka yi a jikin katangar ta ciki.

Tarihin baka yana danganta irin wannan gini da Sarauniya Amina, 'yar Bakwa Turunku, shi ya sa ake kiran tsofaffin katangu da dama a ƙasar Hausa ganuwar Amina. A Ingila ma an san wurare kimanin 6,000 da aka kewaye da ramin ruwa, waɗanda gininsu ya fi yawaita tsakanin 1250 da 1350, sai dai galibinsu gidajen masu hali ne da aka yi don nuna daraja. Ganuwar Zariya kuwa ta haɗa unguwanni da kasuwa da gonaki, domin jama'a su samu abinci ko da abokan gaba sun yi wa garin ƙawanya.

Bayan da Turawan Ingila suka shiga Zariya a 1902, yaƙe-yaƙe suka kau, aikin gayya da sarki yake kira don yaɓe katangar bayan damina ya tsaya, sababbin unguwanni irin su Tudun Wada kuma suka tashi a waje. Dokar kayan tarihi ta 1953, da kuma ta 1979 wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, su ne tushen kariyar da ganuwar take da ita a matsayin abin tarihi na ƙasa. Amma ginin laka yana rayuwa ne da gyara, kuma inda ruwan sama da masu ɗibar ƙasa suka zaftare katanga, shara da gine-gine suka cike gwalalo, sunan ƙofa kaɗai yake saura ya nuna iyakar tsohon birni.